Ɗan Yatsan Farfesa Jordan

Masu nazarin fina-finai na Ingila sun daɗe da yin ijma'i a kan The 39 Steps, wanda Alfred Hitchcock ya shirya a 1935 daga littafin John Buchan na 1915, har cibiyar fina-finai ta Birtaniya ta ba shi matsayi na 4 sa'ad da ta jera fina-finan ƙasar na ƙarni na 20 a 1999. Kuma galibin hujjarsu ita ce saurin labarin, da rahar Robert Donat da Madeleine Carroll bayan an haɗa su da ankwa guda, da tserewar jarumin daga jirgin ƙasa bisa gadar Forth. Ban musanta ko ɗaya ba, balle ni da na tashi a Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tuƙe. Sai dai a ganina sun yabi rigar, sun bar mai rigar.

Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne inda jarumin, Hannay, wanda ake tuhuma bisa zalunci da kisan wata 'yar leƙen asiri, ya isa gidan Farfesa Jordan, dattijo mai mutunci a idon jama'arsa, ya kwashe sirrinsa duka ya faɗa masa, sannan dattijon ya ɗaga hannu a natse ya nuna masa ƙaramin yatsansa mai guntulen kai, alamar da matar ta ce da ita zai gane shugaban maƙiya. Da Hannay ya kuɓuta ya kai ƙara, sai hukuma ta ƙi gaskata shi, domin Farfesa amininta ne.

Wanda ya zauna a Shinkafi ko Zurmi a shekarun ta'asar 'yan bindigar daji ba ya bukatar tafsirin wannan. Kalmar infoma ta shiga bakin yaro da babba, har aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, ana neman toshe hanyar da rahoto ke bi zuwa daji. Maƙwabci ya koma abin shubuha, kuma sau da yawa zato ya ci marar laifi tun ba a nemi shaida ba, alhali kuwa mai laifin yana sahun gaba a masallaci.

Abin da ke damuna shi ne salon da masu shirya fim na Kano suka shiga, na dogon zango a YouTube, inda suka ari bindiga da tabarau da tseren mota, suka kuma rubuta mugunta a goshin mugu tun fitowarsa ta farko, ta yadda mai kallo ba ya taɓa ɗanɗana ɗacin amanar da aka ba wanda bai cancanta ba. Hitchcock ya gama nasa a ƙasa da sa'a ɗaya da rabi, kuma mugunsa ya tarbi baƙonsa da fara'a, ya sallami 'yan sandan da ke bin baƙon, ya jira sauran baƙi suka watse, kafin ya ɗaga hannun.