Daga Damtse Zuwa Aljihu: Wuƙar Bahaushe a Duwala

Cikin dattawan Hausawan New Bell, a birnin Duwala, har yanzu akwai wanda in zai fita da safe sai ya laluba aljihun gaban riga ya tabbatar carbi na nan, goro na nan, 'yar wuƙarsa ma tana nan. Ba ya fito da ita sai aiki ya taso: ya fere asawaki, ya ɓare rake, ya tsinke igiyar buhu, ya fiƙe wa jikansa alƙalamin allo. Al'adar ta gangaro ne daga arewa tare da fatake, sai dai zaman birnin bakin teku ya sauya mata kama ƙwarai.

Wuƙar da kakanninmu suka sani ba ta naɗewa. Wuƙar damtse ce, mai kube da zoben fata, a zura ta a hannun hagu, hannun riga ya rufe ta. Buzaye suna da tasu, haka Barebari da mutanen Marwa da Garwa. Masu sana'a biyu ke haɗuwa a kanta. Maƙeri ya buge ƙarfe ya fitar da tsini da kaifi, baduku kuma ya ɗinka kube da jar fata, ya yi masa ado da kore da baƙi. Falke mai ratsa daji da jakai yana bukatarta kowace rana, domin da ita zai gyara mangala, ya yanka dabbar da ta gaza tafiya kafin ta zama mushe, in ta ɓaci kuma ya kare kansa.

New Bell kuwa unguwa ce da aka haifa cikin rigima. Jamusawa, waɗanda suka riƙe Kamaru daga 1884 zuwa 1916, sun ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri, suka ware musu wuri can baya, da tazarar kilomita guda tsakaninsu da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan ƙwace, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. 'Yan ƙasar ba su so wurin ba, sai ya zama matattarar baƙi: Bamileke, Basa, Hausawa da sauransu. A nan Hausawa suka kafa unguwarsu da babban masallaci, kusa da babbar kasuwa, kuma mutanen kudu suka saba kiran duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe, ko da Bafulatani ne ko ɗan Kotoko.

Abin da ya ba waɗannan baƙi gindin zama, bayan goro da tufafi, nama ne. Shanu na sauka daga tudun Adamawa, musamman tun da layin dogo ya isa Ngaundare a 1974, kuma fawa da tsire, wanda a can ake kira soya, sun daɗe a hannun 'yan arewa. Ka tsaya gaban mai tsire bayan magariba ka dubi wuƙarsa. Yawan wasawa ya cinye ta har cikinta ya shige, ta koma siririya, ƙotar ta yi baƙi da maiƙo, wani wurin an ɗaure ta da robar tsohon tib. Kafin ya yanka maka sai ya goga ta a bayan wata wuƙar sau biyu ko uku, ka ji ƙyas-ƙyas, sannan ya sassare naman a kan katako, ya bi da albasa, ya barbaɗa yaji. Irin wannan wuƙa sau da yawa maƙeri ne ya fitar da ita daga sifirin mota ko tsohon zarto. Tana tsatsa in an bar ta da ruwa, balle a garin da damina ke kai wata takwas, amma tana ɗaukar kaifin da wuƙar kanti mai ƙyalli ba ta ɗauka.

Akwai kuma lamarin addini, wanda ya fi fitowa fili a garin da Musulmi ba su da rinjaye. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Sahihu Muslim ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da dabbar. Saboda haka dakusasshiyar wuƙa abin kunya ce ga malami da mahauci. Maƙwabciya Kirista da za ta yi biki, tana son baƙinta Musulmi su ci abinci hankali kwance, takan aiko yaro da kaji: "Baba Alhaji, Mama ta ce a taimaka a yanka mata." Dattijo ya fuskanci alƙibla a bakin kwata, ya yi bisimilla, ya yanka, ya wanke wuƙar ya share ta da gefen tsumma. Zumunci mai yawa tsakanin gidajen New Bell ta wannan ƙaramar hidima ya ƙullu.

Wuƙa mai naɗewa daga Turai ta zo, wata ma da gangan aka ƙera ta don kasuwarmu. A 1902 aka fara yin Okapi a Solingen ta Jamus domin kaiwa ƙasashen Afirka da Jamus ke mulka, mai ƙotar katako da zoben da ake ja kafin ta rufu. A 1988 aikin ƙera ta ya koma Afirka ta Kudu. Faransawa kuma suka fito da Douk-Douk a 1929, daga kamfanin Cognet na garin Thiers. Ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninka biyu, ba ta da kauri ko kaɗan, ga araha. Tsibiran tekun Pasifik aka nufa da ita, shi ya sa aka zana wani dodon can a jikinta, amma ba ta karɓu ba sai a Afirka. An ce da kamfanin ya lura Musulmi ba sa son ɗaukar hoton dodo a aljihu, sai ya fitar da wata mai suna El Baraka, ya sa mata tambarin nan na Agadas da maƙeran Buzaye ke yi da azurfa. Ɗan kasuwa ke nan, ya ari adonmu ya sayar mana da shi.

A ganina ba kyawun ƙarfe ne ya sa mai naɗewa ta kori ta damtse ba. Birni ne ya ƙi ganin wuƙa a fili. Mutumin da zai shiga jirgin ƙasa, ya bi layi a ofis, ya hau babur a matse da wani, ba zai yi haka da kube a hannu ba. Wanda ya yi asara a wannan sauyi shi ne baduku, tunda wuƙar da ke shigewa cikin ƙotarta ba ta neman kube.

A Turai da Amurka akwai masu tara wuƙaƙen aljihu, su jera Opinel da Victorinox da Laguiole cikin akwatin gilashi, kuma wadda ba a taɓa yanka komai da ita ba ta fi tsada. Ma'aunin Bahaushe ya sha bamban da wannan. Wuƙar da ake yabo ita ce wadda ta ga layya da yawa, aka san hannun da ya riƙe ta, ɗa ya gaje ta tare da allo da buta. Bahaushen da za ka ga ya tara wuƙaƙe da yawa, to sayarwa yake yi. A rumfunan kayan gargajiya na Marché des Fleurs da ke Bonapriso ana shimfiɗa wuƙaƙen damtse da takubba don baƙi masu yawon buɗe ido. Dillalan irin wannan kaya a Afirka ta Yamma, kamar yadda Christopher Steiner ya nuna a bincikensa kan dillalan Abijan, ciki har da Hausawa, a 1994, sun san mai saye tsoho yake nema, don haka akan tsufar da sabon kaya da hayaƙi da ƙura kafin a baje shi. Da yawa cikin waɗannan wuƙaƙe ko albasa ba za su yanka ba.

Yau matsalar ta fi ta ado. Dokar makamai ta Kamaru ta Disambar 2016 ta sa wuƙaƙe da adduna cikin abubuwan da hukuma ke sa wa ido. A Disambar 2022 kuma gungun samarin da ake kira "microbes", takwarorin 'yan daban Kano da 'yan sara-suka na Bauchi, suka riƙa afka wa unguwannin Duwala da wuƙaƙe da adduna, suna ƙwace da sara. Ɗan sandan da ke lalube da dare ba shi da lokacin bambance wuƙar fiƙe alƙalami da ta ƙwacen waya, balle in mai ita saurayi ne daga unguwar da aka riga aka yi wa tambari. Ba na ganin laifin uban da ya hana ɗansa fita da ita. Samari sun koma reza ta 'yan kuɗi kaɗan, a yi aiki da ita a yar, mahauta kuma sukan naɗe nasu wuƙaƙen cikin buhu tare da sauran kayan aiki, yadda duk wanda ya buɗe zai gane daga mayanka mai su ya fito.