Tashin Bos Bayan Mutuwa: Darasin Darth Maul a Star Wars

Tun da The Rise of Skywalker ya fito a Disambar 2019, wasu masoya Star Wars suka riƙe magana ɗaya suna maimaitawa kamar karatun allo: wanda ya mutu a bar shi a kabarinsa. Hujjarsu Sarki Palpatine ne. A ƙarshen Return of the Jedi na 1983, Darth Vader ya ɗaga shi sama ya wurga shi cikin ramin Death Star don ya ceci ɗansa Luke, shi ma ya rasa ransa a kan haka. Bayan shekara 36 sai ga tsohon a raye a duniyar Exegol. Daga nan suka yanke hukunci cewa dawo da mataccen bos ha'intar mai kallo ce a duk inda aka yi ta. A kan Palpatine muna iya daidaitawa da su, amma wannan doka tasu ban karɓe ta ba ko kusa.

Al'adar tashin bos ta girmi George Lucas. A finafinan Flash Gordon masu zuwa kashi-kashi, waɗanda Lucas bai taɓa ɓoye cewa a nan ya sha ba, bos ɗinsu Ming ya shige wuta a ƙarshen jerin 1936, ya dawo da ƙafafunsa a na 1938. Shi kansa Palpatine an taɓa tashinsa a littafin zane na Dark Empire, wanda Tom Veitch ya rubuta aka fara fitarwa a 1991. Labari mai dogon zango da bos yake numfashi, kuma duk wanda ya zauna gidan kallo ya san da zarar bos ya faɗi ake fara neman takalma.

Abin dubawa shi ne me bos ya biya kafin ya dawo, kuma a gaban wa ya biya. A nan Darth Maul ya isa misali.

A The Phantom Menace na 1999 Maul kusan bebe ne. Fuska ja da baƙi, ƙahoni, takobin haske mai baki biyu, magana ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. Ya doki Qui-Gon Jinn a fuska da ƙotar takobinsa, ya soke shi, sannan Obi-Wan Kenobi ya raba shi gida biyu daga ƙugu, ya faɗa rami. Mutuwa ba ta wuce haka. Da aka ji cewa shirin katun na The Clone Wars zai dawo da shi a 2012, mai hankali ma zai yi tsaki. To amma dubi yadda aka yi. Ɗan'uwansa Savage Opress ya same shi a ƙarƙashin juji a duniyar Lotho Minor, ya rame ƙashi da fata, ƙahoninsa sun yi zaƙo-zaƙo, yana jan jiki a kan ƙafafun ƙarfe irin na gizo-gizo, yana surutai shi kaɗai cikin duhu. Shekara goma da ɗoriya yana nan, hankalinsa ya gushe, abin da ya rage masa ƙiyayyar Kenobi kawai. Mai kallo bai buƙatar a yi masa dogon bayani, domin idonsa ya ga abin da saran nan ya ci. Mutumin da ya fito daga ramin ba shi ne ya faɗa ba.

Daga nan marubuta suka bi shi da bashi har ƙarshe. Ya ƙwace duniyar Mandalore, ya kashe Satine, masoyiyar Obi-Wan, a gabansa don ya ɗanɗana masa rashi, sai tsohon ubangidansa Palpatine ya zo ya kashe Savage a gaban idonsa. Duk abin da ya kama sai ya kuɓuce.

Ƙarshensa na kashi mai suna Twin Suns a shirin Rebels, a 2017, kuma ni a wurina babu faɗan takobi da ya kai shi a duk Star Wars. Dare ne a hamadar Tatooine, Obi-Wan ya tsufa, yana zaune gefen wuta. Da suka zare takubba, Obi-Wan ya fara tsayuwarsa ta ƙuruciya, sai ya sauya a hankali ya koma irin tsayuwar Qui-Gon. Maul ya gane ta. Ya kawo dukan ƙotar nan da ya yi masa aiki a kan Qui-Gon, Obi-Wan kuwa shi yake jira: sara ɗaya ya raba ƙotar biyu, ya ratsa ƙirjinsa. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba. Wasu sun yi ƙorafin gajartar faɗan, ni kuma na ce ba su kalli ƙafafu da hannaye ba. Cikin motsi uku an gaya mana cewa ɗaya ya girma, ɗaya yana nan tsaye a ranar da aka sare shi. Obi-Wan ya tare shi kafin ya kai ƙasa, ya rungume shi har ya cika, ya rufe masa ido. Da an bi dokar masu cewa matacce ya zauna matacce, da ba mu sami wannan dare ba.

Yanzu a auna Palpatine da wannan mudu. Masu cewa tashinsa ya ɓata sadaukarwar Vader sun yi kuskure, domin Vader ɗansa ya je ceto, kuma ya cece shi. Masu cewa babu tushe su ma sun manta da Revenge of the Sith na 2005, inda ya zauna da Anakin, wanda daga baya ya zama Vader, a gidan wasa yana kwaɗaita masa sirrin kauce wa mutuwa ta labarin Darth Plagueis. Idan akwai bos da ya cancanci tashi, shi ne. Matsalar ita ce an fafe gora ranar tafiya. The Force Awakens da The Last Jedi ba su share masa hanya ba; da aka kashe bos ɗinsu Snoke a 2017 kujerar bos ta zama wayam, aka waiwayo shi. Dariyarsa aka fara ji a tallan fim a Chicago cikin Afrilun 2019. Rubutun buɗe fim ne ya sanar da dawowarsa, saƙon da aka ce ya aika wa duniyoyi kuma a wasan Fortnite aka saka shi. Cikakken bayanin cewa jikin kwafi ne sai a littafin Rae Carson na 2020. An ba shi ruɓaɓɓun yatsu da fararen idanu, an rataye shi a jikin inji, amma halinsa ko gezau: tayin da ya yi wa Luke a 1983, na a kashe shi cikin fushi, shi ya sake yi wa jarumar fim ɗin, Rey. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, su kuwa darakta J.J. Abrams sun karɓi tafin 'yan kallo sun bar askin.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin masu wannan gardama ba su kalli katun ɗin ba, wai na yara ne. Alhali a can ne Dave Filoni da abokan aikinsa suka sami abin da fim na awa biyu ba ya bayarwa, wato lokaci. Shekara biyar suka yi suna gina Maul daga juji zuwa hamada, muryar Sam Witwer tana ɗauke da shi. Mai karatu, kafin ka sake cewa kada a tashi bos, nemi kashi biyu, Brothers na The Clone Wars da Twin Suns na Rebels. Kowannensu bai kai minti 25 ba. Kalle su a jere, sannan mu yi magana.