Jinjina ga Masu Saita Tsirkiya

Mai garaya a ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada, daura da dajin Falgore, ya san abin da mai jitar lantarki ya sani: aiki yana farawa tun kafin a tayar da waƙa. Hunturu kan busar da fatar ƙoƙon har ta ɗaure tamau, damina ta sassauta ta, sauti ya kwanta. Sai makaɗi ya karkata kai, ya tura zoben fatar da ke riƙe tsirkiya a jikin sanda, ya ɗana, ya saurara, ya ƙara turawa kaɗan. Wannan haƙurin ya cancanci yabo, don rabin sana'ar ke nan.

Za a ce manhajar waya tana saita jita cikin minti guda. Haka ne, kuma tana taimakon ɗan koyo. Amma tsirkiya kan kufce a tsakiyar kiɗa, inda babu damar duba waya, sai kunne. Makaɗin jita Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, takwaransa Bombino na Agadas kuwa ya yi ta kallon bidiyon makaɗin jita Jimi Hendrix yana kwaikwayo. Babu na'urar da ta koya musu jin tsirkiyar da ta kauce.