Tauraron acca da baƙin sama: nazari a kan littafin Robert Temple

Duk lokacin da aka tayar da zancen abubuwan nan da ake hangowa suna shawagi a sama ba a san ko mene ne ba, waɗanda Faransawa suka taƙaita sunansu OVNI, gardama takan tsaya wuri guda. Wani ya ce baƙi ne daga wata duniya, wani ya ce balan-balan ne na masu auna yanayi, ko tauraron ɗan Adam, ko kuwa Zara ce ta sunkuyo da almuru ta ruɗi ido. Hukumar sararin samaniya ta Faransa ta buɗe ofishi a Tulus tun 1977 domin sauraron irin waɗannan shaidu, ta kuma baje takardunsa ga jama'a a 2007. Daga cikin dubban labaran da aka kai masa, waɗanda suka gagari bayani bayan bincike ƴan kaɗan ne. To, idan hoto ya kasa, masu imani da baƙin sama sukan jawo wata hujja da suke ganin ta fi ƙarfin musu, kuma hujjar a maƙwabta take, cikin duwatsun Banjagara na ƙasar Mali. Littafin da ya yayata ta shi ne The Sirius Mystery, watau asirin tauraron Siriyus, wanda Ba'amurke Robert Temple ya wallafa cikin Ingilishi a 1976, ya sake fitar da shi da ƙari a 1998. Shekarunsa sun ja, amma iƙirarinsa na nan yana yawo a shirye-shiryen talabijin da intanet, kuma daga can ɗalibai ke ɗauko shi su kawo wa malamin lakwal a aji.

Siriyus shi ne tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda malamai suka sani da sunan Shi'ira, kamar yadda ya zo a Suratun Najmi. Haskensa kan yi shekara 8 da wata 7 kafin ya iso duniya. Yana da abokin tafiya da ido ba ya gani. A 1844 Bajamushe Friedrich Bessel ya lura Siriyus na tangaɗi a kan hanyarsa, ya ce lalle akwai wani abu mai nauyi da ke jan sa. A 1862 Alvan Clark, mai ƙera madubin hangen nesa a Amurka, ya gan shi. Daga baya aka tabbatar yana kammala zagayensa cikin shekara 50, girmansa bai wuce na wannan duniya ba, amma nauyinsa ya kai na rana, har cokalin shayi guda na jikinsa zai rinjayi tan da yawa a ma'auni.

A 1950, masana al'adu biyu na Faransa, Marcel Griaule da Germaine Dieterlen, suka buga wata maƙala inda suka ce wasu dattawan Dogon sun gaya masu Siriyus, wanda suke kira sigi tolo, yana da aboki mai suna po tolo. Po a harshensu ita ce acca, ƙwayar da ta fi kowace ƙanƙanta a rumbu. Tauraron acca, in ji maƙalar, shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi nauyi a sama, yana zagayawa cikin shekara 50. Aka ƙara da cewa sun san Mushtari na da wata huɗu, Zuhal kuma na da zobe. Bayan rasuwar Griaule a 1956, Dieterlen ta faɗaɗa bayanin a cikin Le Renard pâle na 1965. A kan wannan harsashi Temple ya yi gininsa. Manoman gero da albasa da ba su da madubi, yaya aka yi suka san abin da ido ba ya gani? Amsarsa ita ce Nommo, halittun ruwa da tatsuniyar Dogon ta ce sun sauko daga sama cikin wani jirgi, baƙi ne na gaske daga Siriyus, sun ziyarci duniya kimanin shekara dubu 5 da suka shige.

Adalci ne a faɗi abin da littafin ya iya. Temple ya yi karatu mai yawa, ya san yadda ake jan mai karatu daga tambaya zuwa tambaya, kuma lambar nan ta 50 ba shi ya ƙirƙira ta ba, tana cikin rubutun Griaule. Wanda ya fara karanta babobin farko da wuya ya ajiye. Matsalar tana farawa ne daga inda aka tambayi littafin abin da ake tambayar kowane mai kawo labari: wa ya gaya maka, kuma wa ya gani?

Temple a ɗakin karatu ya yi aikinsa. Dukan abin da ya sani game da taurarin Dogon ta ƙofa guda ya shigo, ƙofar Griaule da abokiyar aikinsa, su kuma daga bakin mutane ƴan ƙalilan, ta hanyar tafinta. Akwai wani abu da ya kamata ya tsayar da shi. A 1946 Griaule ya yi kwana 33 yana zama da Ogotemmeli, makahon maharbi na Ogol, wanda ya buɗe masa tatsuniyar halitta, aka buga hirar a 1948 da sunan Dieu d'eau. A cikin wannan littafi, wanda ake ɗauka shi ne mabuɗin tunanin Dogon, babu labarin ɓoyayyen abokin Siriyus. Sai bayan shekara biyu labarin ya ɓullo daga wasu bakuna. Magoya bayan Griaule sun ce ilimin hawa-hawa ne, ba a ba baƙo na ciki sai ya daɗe. Mai yiwuwa ne. Amma wannan amsa tana da haɗari, don tana rufe bakin duk wanda ya je ya tambaya bai samu ba: sai a ce masa bai kai ba tukuna.

Wanda ya je ya tambaya shi ne Walter van Beek, masanin al'adu ɗan ƙasar Holan, wanda ya shafe shekaru yana zama da Dogon, ya ji harshensu. A 1991 ya buga sakamakon bincikensa a mujallar Current Anthropology. Bai sami kowa da ya san Siriyus tauraro biyu ne ba, in ban da waɗanda suka yi hulɗa da Griaule. Su ma ba su daidaita a kan wane tauraro ne sigi tolo ba, wasu ma Zara suke nunawa, kuma sun ce daga bakin Bafaranshen suka ji zancen. Van Beek bai ce Griaule ya yi ƙarya ba. Abin da ya kwatanta ya fi ƙarya wuyar kamawa: Bature mai iko a zamanin mulkin mallaka, mai sha'awar taurari, yana tambaya yana maimaitawa, yana biyan lada, ga kuma dattawa masu kara da ladabi waɗanda ba su saba mayar da baƙo hannu wofi ba. Duk wanda ya taɓa zama a zaure ya ga yadda ake amsa wa babban baƙo da "haka ne" zai gane yadda tambaya ke iya haifar da amsarta. Ɗiyar Griaule, Geneviève Calame-Griaule, wadda ita ma masaniyar harshen Dogon ce, ta mayar da martani mai zafi tana kare mahaifinta, kuma har yanzu masana ba su rufe wannan babi duka ba. Sai dai hujjar da za a ɗora wa nauyin zuwan baƙi daga wata duniya bai kamata ta zama wadda mutum na biyu ya nema ya rasa ba. Gani ya kori ji.

Ko da an karɓi rubutun 1950 yadda yake, akwai tambayar da Carl Sagan ya yi a 1979, wadda ita ce ta fi yi wa littafin illa. Ilimin da aka jingina wa Dogon ya yi daidai da abin da Turai ta sani a shekarun 1920, ya kuma tsaya daidai inda Turai ta tsaya. A lokacin ne jaridu ke ta mamakin nauyin abokin Siriyus, bayan awon da Walter Adams ya yi a 1925. Amma ba shi ne mafi nauyin jiki a sama ba: taurarin nutron, da aka gano a 1967, sun ninka shi nesa ba kusa ba. Watannin Mushtari huɗu su ne waɗanda Galileo ya gani a 1610, waɗanda kowane ƙaramin madubi ke nunawa, alhali waɗanda aka ƙidaya yanzu sun haura 90. Zobe ba Zuhal kaɗai ke da shi ba, an ga na Uranus a 1977, na Mushtari a 1979. Matafiyin da ya ratso sararin samaniya ya wuce ta gefen waɗannan duniyoyi, da ya bar darasi, ba zai bar darasin littafin firamare na Faransa ba. Hanyoyin da irin wannan darasi zai bi ya isa Sanga kuwa ba su da wuyar nema. Sojan Faransa sun kama Banjagara tun 1893, an buɗe lakwal, an kwashi samari zuwa yaƙin 1914, ƴan mishan sun zauna a yankin, ayarin Griaule kansa ya fara zuwa a 1931. Tauraro na uku da maƙalar ta ambata, wanda Temple ya yi murna a bugun 1998 cewa an kusa tabbatar da shi, awon madubin Hubble da aka buga a 2017 bai bar masa wuri ba.

Akwai kuma abin da ya shafi amanar marubuci. Bikin Sigi, wanda Temple ke son ɗaure shi da zagayen tauraron acca, duk shekara 60 ake yin sa, ba 50 ba, kuma shafukan da ya ɓata yana sasanta lambobin biyu ba su gamsar ba. Ian Ridpath ya nuna a 1978 cewa zanen Dogon da littafin ya jera kusa da zanen masana taurari an rage masa alamomi da dama da ke cikin na asali, sai da aka share su kamannin ya fito. Kashi na biyu na littafin, inda ake bin kamannin sunaye daga Masar zuwa Babila zuwa Girka, ya fi kama da wasan kalmomi, irin wanda zai iya haɗa kowane harshe da kowane.

A wannan kashi na biyun ne, duk da rauninsa, ainihin abin da ya kamata ya dami malamai da ƙungiyoyin al'adu yake. A lissafin Temple, baƙin ba su ma sauka wurin Dogon ba. Sun koyar da mutanen Masar da Sumer, ilimin ya bi ta hannun Girkawa zuwa Garamantawan Libiya, daga nan ya gangaro kudu. Dogon masu ajiya ne kawai, kamar wanda aka ba wasiƙa cikin harshen da bai iya karantawa ba. Wannan tsohuwar ɗabi'a ce da ta sake riga. An daɗe ana cewa Finisiyawa ne suka gina ganuwar Zimbabuwe, sai da Gertrude Caton-Thompson ta tona a 1929 ta tabbatar aikin ƴan ƙasa ne. Leo Frobenius da ya ga kan tagulla na Ife a 1910, Atlantis ya tuna. Henri Lhote ya laƙaba wa wani babban zane na Jabbaren, a duwatsun Tasili, sunan babban ubangijin mutanen Mirrihu, sai ga Erich von Däniken a 1968 ya ɗauki laƙabin a matsayin shaida. Ɗalibin da ya zo aji yana alfahari da cewa Dogon sun riga Turawa sanin Siriyus bai lura ba cewa littafin da ya ba shi alfaharin ya riga ya miƙa ilimin ga wasu. Wasu marubuta baƙar fata na Amurka sun nemi gyara wannan a shekarun 1980, suka ce kaifin idon Dogon ne ya gano tauraron. Niyyar mai kyau ce, amma ba ta tsaya ba: hasken Siriyus ya ninka na abokinsa kusan sau dubu 10, kuma suna manne da juna a ido, kamar a nemi ganin ƙyallin ashana a jikin fitilar mota.

Abin takaici shi ne yawan abin da wannan gardama ta rufe. Mutanen Sahel suna da ilimin sama na gaske, wanda aka gwada da shuka da tafiya. Manomin Hausa na duban Kaza da ƴaƴanta ya san inda shekara ta kai, madugun Abzinawa na bin Amanar cikin Tenere. Wannan ilimi ido ne da ƙidaya da gadon kakanni suka tara shi, kuma littafin Temple bai ba irinsa ko shafi guda ba, don ba ya buƙatar jirgi daga sama.

Shi kansa bikin Sigi akwai shaidarsa da kowa zai iya gani. Jean Rouch, wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004 aka rufe shi a Yamai, ya bi bikin da kyamara tare da Dieterlen daga 1967 zuwa 1973, tun daga Yugo har Songo, ƙauye bayan ƙauye. A cikin finafinan ana ganin maza sanye da wuri suna tafiya a jere kamar maciji, kowa riƙe da sandar zama mai reshe biyu, ana shan giyar gero, ana fito da babban dodon katako, dattawa na koya wa zaɓaɓɓun samari sigi so, harshen da ba a magana da shi sai don wannan. Biki ne na tuna mutuwar farko da miƙa magana daga tsara zuwa tsara. Bisa ƙidayar shekara 60, zagaye na gaba a 2027 ya faɗo, a yankin da kashe-kashen 2019, irin na Ogosagu da Sobane Da, da abin da ya biyo bayansu suka tayar da ƙauyuka da dama daga mazauninsu.