Kwamfuta Ba Ta Maye Gurbin Hannun Likitan Haƙori

'Yan uwana ɗalibai, a makarantun koyon aikin haƙori da dama a nan Turai ana koya wa ɗalibi zana hular haƙori a kwamfuta tun hannunsa bai faɗa ba. Fasahar ta daɗe: a 1985 aka fara yi wa majinyaci ciko da na'urar CEREC a Jami'ar Zurik, wadda Werner Mörmann da Marco Brandestini suka ƙirƙiro. Ana ɗaukar hoton baki da 'yar kyamara, manhaja irin exocad ta fitar da siffar hular, inji kuma ya sassaƙo ta daga tangaran.

Ni ban ƙi wannan ci gaba ba, yadda ake koyarwar ne nake suka. Manhajar tana da rumbun siffofin haƙora, daga ciki take ba ɗalibi shawara. To wanda bai taɓa sassaƙa haƙori da kaki ba, bai san tudu da kwarinsa ba, ta yaya zai gane shawarar ta karkace? Kyamarar ma ba ta ganin inda jini ko dasashi ya rufe. Idan bakin hular bai zauna daidai ba, ƙwayoyin cuta za su sami mafaka, haƙorin ya ruɓe daga ƙarƙashi.

A ganina a fara da kaki, kwamfuta ta biyo baya. Musamman mu masu shirin komawa gida, ba kowane asibiti ne zai ajiye mana injin ba.