Sharhi a Kan Tasirin Dylan Wiliam a Fagen Auna Fahimtar Ɗalibai

A cikin masanan da suka yi rubutu a kan jarrabawa da gyaran aikin ɗalibi, kaɗan ne sunansu ya shiga bakin malaman makaranta kamar Dylan Wiliam, mutumin Birtaniya wanda ya fara da koyar da lissafi a makarantun Landan kafin ya koma Kwalejin King's. Manufar wannan maƙala ita ce ta bambance abin da ya bazu daga aikinsa da abin da aka bari a baya, domin yawan ambaton sunan masani ba shi ne shaidar an fahimce shi ba.

Tushen shahararsa shi ne nazarin da ya yi tare da Paul Black a 1998, inda suka bi diddigin rubuce-rubuce wajen 250, sa'an nan suka taƙaita sakamakon a wani ɗan littafi mai suna Inside the Black Box, watau leƙa cikin baƙin akwati. Aji shi ne akwatin. Hukuma tana zuba kuɗi da manhaja ta gefe ɗaya, tana jiran sakamakon jarrabawa ta ɗaya gefen, ba tare da ta san abin da ke gudana tsakanin malami da ɗalibi ba. Rarrabewar da suka ɗora aikin a kanta, tsakanin awon da ake yi don gyara koyo yana cikin tafiya da awon da ake yi don yanke hukunci a ƙarshe, ba tasu ba ce. Michael Scriven ya kawo ta a 1967 dangane da manhaja, Benjamin Bloom kuma ya juyo da ita kan ɗalibi. Gudummawarsu ita ce tattara hujjojin da ke warwatse, da faɗarsu da harshen da malamin aji zai gane.

Mafi ƙarfi daga cikin hujjojin nan biyu ne. Ruth Butler ta yi gwaji a Isra'ila, ta buga shi a 1988: wasu yara aka ba su maki kawai, wasu bayanin gyara kawai, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun. Waɗanda suka sami bayani kawai su ne aikinsu ya inganta. Abin mamaki, haɗa maki da bayani bai yi amfanin da aka zata ba, ga alama saboda idon yaro kan tsaya a kan makin, ya waiwaya ya ga na maƙwabcinsa, bayanin kuwa ya tafi a banza. Na biyu, Kluger da DeNisi sun nuna a 1996 cewa a fiye da kashi ɗaya bisa uku na gwaje-gwajen da suka tattara, bayanin da aka ba mutum a kan aikinsa rage ƙwazonsa ya yi. Ashe ke nan gyara ba alheri ba ne a kan kansa. Sai an ga abin da ɗalibi ya yi da shi. Wannan ita ce zuciyar koyarwar Wiliam, kuma ita ce ta fi wuyar bazuwa.

Abin da ya bazu kamar wutar daji shi ne adadi. Black da Wiliam sun ce girman tasirin wannan hanya yana tsakanin 0.4 da 0.7 a ma'aunin masana ƙididdiga, wanda babban abu ne a harkar ilmi. A nan aikin yake da rauni. Randy Bennett ya nuna a 2011 cewa binciken da aka tara sun sha bamban ƙwarai da juna, har ba ya halatta a fitar musu da adadi guda. A shekarar dai Kingston da Nash suka tace fiye da bincike 300, suka tarar 13 kawai suka cika sharuɗɗansu, tasirin kuwa bai wuce wajen 0.20 ba. Shi kansa gwajin da Wiliam da abokan aikinsa suka fara a 1999 a makarantu 6 na Medway da Oxfordshire, 0.32 ya bayar. Adalci ne a ce ba su taɓa da'awar sun yi lissafin haɗaka na ƙa'ida ba, amma wanda ya saki adadi a ɗan littafin da dubban malamai za su karanta, ai ya san ba zai dawo hannunsa ba.

Sai kuma abin da hukuma ta yi. A 2008 gwamnati ta ware fam miliyan 150 don yaɗa wannan hanya a makarantun Ingila cikin shekara uku, amma ta ɗaure ta da tsarin matakan da ake jera yara a kai. Malami ya koma mai cike takardu, yana bin matakin kowane yaro zango-zango, watau dai makin da Butler ta yi kashedi a kai ya dawo da sabuwar riga. An soke matakan a 2014. Wiliam bai ɓoye takaicinsa ba. Ya ma amsa cewa kuskure ne da suka sa kalmar awo a sunan abin, domin da an ce awo, kunnen mai mulki jarrabawa yake ji. Wannan batu na suna ya cancanci kulawar masu ƙirƙirar kalmomin ilmi da Hausa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta kawo wa Nijeriya awon ɗalibi a kai a kai tun kafin Black da Wiliam su rubuta kome, amma a aikace ya zama ƙananan gwaje-gwaje da ake tara makinsu a haɗa da na ƙarshen zango. Gwaji uku a zango ba ya canza darasin gobe in dai makin rajista kawai ya shiga.

Hujja mafi tsafta da ke goyon bayan Wiliam ta zo a makare, kuma ba ta yi amo ba. A 2018 aka fitar da sakamakon wani gwaji a makarantun sakandare 140 na Ingila, inda aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Ɗaliban makarantun da suka bi tsarinsa sun yi gaba da kimanin karatun wata biyu. Kafin a sami wannan ɗan ƙari, sai da malamai suka riƙa zama wata-wata har shekara biyu, suna shiga ajin juna suna kallon yadda kowa ke yin tambaya.