Salula da Yaƙi da Jahilci: Sharhi kan Binciken ABC daga Mahangar Kurfai da Tondikandiya

1. Gabatarwa

A shekarar 2012, Jenny Aker da Christopher Ksoll da Travis Lybbert sun buga sakamakon wani gwaji da aka yi daga 2009 zuwa 2010 a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar CRS. Sunan shirin Alphabétisation de Base par Cellulaire, wato ABC. An buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci a dukkan ƙauyukan, amma a rabinsu kaɗai aka koya wa ɗalibai aiki da salula. Makin waɗannan a rubutu da lissafi ya ɗara na sauran da 0,19 zuwa 0,26 bisa ma'aunin da masana ƙididdiga ke kira écart-type. Wannan muƙala za ta auna ko darasin binciken zai yi aiki a ƙasar Filinge, inda gwajin bai taka ba.

2. Abin yabo

Duk wanda ya san yaƙi da jahilci a Nijar ya san cutarsa: dattijo ya koyi baƙaƙe da rani, damina ta sauka ya koma gona, kafin kaka ya manta, don babu abin karantawa a ƙauye. Manazartan sun gano maganin a inda ba a zata ba. A lokacin, kira yana da tsada, saƙon SMS kuwa yana da rahusa, saboda haka mai son tambayar farashin gero, ko gaida ɗansa da ya tafi cin rani, yana da dalilin rubutu. Buƙata ce ta riƙe karatun.

3. Inda aka gaza

Na farko, binciken ya ɗauki halin kasuwar waya na wani ɗan lokaci tamkar ɗabi'ar na'urar ce. A 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya. Tsohuwar da ke Damana, wadda a da sai ta nemi ɗan lakwal ya rubuta mata wasiƙa zuwa Akara ko Abijan, yau magana take yi kai tsaye. Jikanta ya danna mata, shi ke nan aikinsa. Dalilin da ya tura manya ga rubutu ya yi rauni, baka kuma ta sake hawa kujerarta.

Na biyu, ba a zurfafa kan batun harshe ba. Tondikandiya ƙasar Zabarmawa ce mai maƙwabtaka da Kurfayawa masu jin Hausa, ga Buzaye da Fulani a Dallol Boso. Da wane harshe za a rubuta saƙo, kuma da wace ƙa'ida? Nijar ta daidaita rubutun Hausa a 1999, amma maɓallan ƙananan salula ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Matasa na rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, su sa ou a gurbin u, tch a gurbin c. Malami na koyar da wani abu, waya na koyar da wani. Tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wannan giɓi ya wuce a kau da kai daga gare shi.

Na uku, makin jarrabawa ba ya nuna sauyin matsayi tsakanin tsararraki. A al'ada, labari daga babba yake gangarowa. Idan yaro ne ke riƙe da wayar, shi ke fara jin saƙo, shi ke zaɓen abin da zai isar.

4. Kammalawa

Nijar ta taɓa ɗora fata kan na'ura. Talabijin na makaranta da aka soma a 1964 ya sha yabo, amma da Faransanci yake koyarwa, kuma bai kai yawancin yaran karkara ba. A jihar Tilaberi, inda rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu, za a so a ce waya ta isa ta maye gurbin aji. ABC bai nuna haka ba, domin a kowane ƙauyensa akwai malami tsaye gaban allo. Aikin da ke jiran ɗalibanmu shi ne tattara saƙonnin da mutanen Kurfai ke aikawa, na murya da na rubutu, bisa yardarsu, a ga wa ke rubutu, da wane harshe, kuma zuwa ga wa.